Bindigar Rada ta Wasan Yara da Matsalar Auna Gudun Mota



GABATARWA

A duk unguwar da babban titi ya ratsa, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin mazauna bakin titin da direbobin da ke bi ta kansa. Mazauna su ce motoci na sheƙa gudu har yaro ba ya iya tsallakawa ya tafi makaranta, direba kuwa ya rantse cewa malejinsa bai taɓa wuce 50 ba. Kowane ɓangare yana faɗin abin da ya gani ne, amma ba mai hujjar da za ta rufe bakin ɗan'uwansa, domin motar da ake gardama a kanta ta riga ta wuce, ba ta bar kome ba sai ƙura.

Wannan lacca za ta duba hanyoyin da aka bi wajen raba irin wannan gardama, kuma za ta yi haka ne ta bin diddigin wani ɗan abin wasan yara da aka fitar a Amurka a shekarar 2006, watau bindigar rada ta roba wadda ake auna gudu da ita. Abin da ake so a nuna shi ne, samun lamba ya zama abu mai sauƙi ƙwarai, har yaro ɗan firamare yana iya samunta, amma lamba ba ta zama shaida sai an tabbatar da ingancin ma'aunin da kuma ƙwarewar mai awon. Kafin a ci gaba, ya kamata a lura da cewa kalmar "rada" da za a yi ta maimaitawa baƙuwa ce, an aro ta daga Ingilishi, ba ta da wata dangantaka da "raɗa" mai ƙugiya, wadda ake yi a kunne.

HARSHE DA AWO

Bahaushe ba baƙo ba ne ga awo. Yana auna hatsi da mudu da tiya, yana auna ƙyalle da taƙi da kamu da gaba, kana yana auna nisan tafiya da zango da yini da kwana. To amma idan aka zo kan gudu, sai a tarar kalmomin da ke akwai na siffantawa ne kurum. Akan ce mutum yana sassarfa, doki yana sukuwa, wane ya zo a guje ko a sukwane, abu ya wuce kamar kibiya ko kamar walƙiya. Duk waɗannan suna kawo hoton abin a zuciyar mai sauraro, amma ba ɗaya daga cikinsu da alƙali zai yanke hukunci da shi, domin abin da tsohuwa ta kira walƙiya, ɗan kamasho yana iya kiransa tafiyar hawainiya.

Wannan kuwa ba kasawar Hausa ba ce. Gudu haɗin abu biyu ne, nisa da lokaci, saboda haka ba al'ummar da ta iya auna shi sosai sai bayan da aka sami agogo mai ƙirga sakan.

AWO DA AGOGO

A Ingila ne aka fara cin karo da matsalar. Dokar da Majalisar ƙasar ta yi a 1865 ta ƙayyade wa duk abin hawa mai inji mil 4 a awa a karkara, mil 2 a cikin gari. A watan Janairu na 1896 aka kama wani mutum mai suna Walter Arnold a ƙauyen Paddock Wood cikin lardin Kent yana tafiyar mil 8 a awa, watau kimanin kilomita 13. Ɗan sanda ne ya bi shi a kan keke har ya cim masa, aka ci shi tarar sule ɗaya. Shi ake ɗauka mutum na farko da aka hukunta saboda gudun mota a ƙasar.

Da aka ɗaga iyakar zuwa mil 20 a dokar 1903, keke ya daina cim wa mota, sai 'yan sanda suka koma ga dabarar agogo. Sukan auna wani yanki na hanya, su laɓe a bayan shinge, ɗaya ya ba da alama idan mota ta shigo yankin, ɗaya kuma ya duba sakan nawa ta ɗauka kafin ta fita. Masu motoci suka ga abin ya dame su, har a 1905 suka kafa ƙungiyar nan da aka fi sani da AA, wadda ɗaya daga cikin ayyukanta na farko shi ne tura masu kekuna su faɗakar da direbobi inda 'yan sanda suka yi kwanto.

Lissafin wannan dabara bai da wuya, kowane ɗalibi yana iya gwadawa. Idan an auna mita 100 a kan titi, sai a raba 360 da yawan sakan da mota ta ɗauka, abin da ya fita shi ne kilomita a awa. Motar da ta ɗauki sakan 7.2 tana kan kilomita 50, mai sakan 6 tana kan 60, mai sakan 3.6 kuwa tana kan 100. Raunin dabarar yana ga ɗan yatsan mai danna agogo. Alal misali, idan mota tana kan kilomita 100 mai awo ya yi gaggawar rabin sakan, zai rubuta mata 116, idan kuwa ya yi nawar rabin sakan, sai ya rubuta 88. Wannan rata ce ta sa aka nemi ma'aunin da bai dogara ga yatsan mutum ba.

ABIN DA DOPPLER YA GANO

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya mota ta wuce shi tana busa ƙaho, ya ji yadda ƙarar ke zuwa da siririyar murya, sa'an nan da zarar ta gifta sai muryar ta yi kauri. Direban da ke ciki bai ji wani canji ba, domin ƙahon bai sake ba. Wanda ya fara bayyana dalilin haka shi ne Christian Doppler, masanin lissafi ɗan ƙasar Ostiriya, a wata maƙala da ya gabatar a birnin Firag a 1842. Sauti yana tafiya ne igiya-igiya, kamar yadda ruwan kududdufi ke yi in an jefa tsakuwa. Idan mai sautin yana matsowa, igiyoyin sukan cunkushe su riƙa isa kunne a kai a kai, sai murya ta yi sama. Idan yana nisanta kuwa, sai su warwatse, murya ta yi ƙasa.

A 1845 wani masani ɗan ƙasar Holan, Buys Ballot, ya jarraba maganar. Ya ɗora masu busa ƙaho a buɗaɗɗen taragon jirgin ƙasa kusa da birnin Utrecht, ya sa su riƙe murya ɗaya, ya kuma tsayar da waɗansu mawaƙa masu kaifin kunne a bakin dogo. Na ƙasa suka tabbatar da cewa muryar ta hau da jirgin ya doso su, ta kuma sauka da ya wuce.

Igiyar rediyo ma haka take yi, kuma a kan wannan aka gina rada. Na'urar takan harba igiya ga mota, igiyar ta bugi ƙarfen motar ta komo, sai a gwada wadda ta tafi da wadda ta dawo. Iyakar bambancin da ke tsakaninsu, iyakar gudun motar. Waɗansu injiniyoyi biyu na wani kamfani a jihar Connecticut ta Amurka, John Barker da Ben Midlock, waɗanda suka yi wa sojan ruwan ƙasar aikin rada lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, su ne suka juya dabarar zuwa kan titi. 'Yan sandan jihar suka gwada na'urar a garin Glastonbury a 1947, da farko don ƙidaya da gargaɗi kawai, kana daga 1949 suka fara ba da takardar tara bisa abin da ta nuna.

BINDIGAR YARA

Na'urorin farko manya ne, sai an ɗauko su a bayan mota. Shekaru kusan 60 bayan gwajin Glastonbury, watau a 2006, kamfanin kayan wasa na Mattel ya fitar da bindigar rada ta roba a ƙarƙashin sunan Hot Wheels, a kan kuɗi kimanin dala 30. Hot Wheels ƙananan motocin ƙarfe ne da kamfanin ke yi tun 1968, waɗanda girman kowace kashi ɗaya ne cikin 64 na motar gaske. An yi bindigar ne domin yaro ya auna gudun waɗannan 'yan motoci, har aka sa mata makunni mai ninka lambar sau 64, ta yadda 'yar motar da ke gangarowa a kan kilomita 2 a awa za ta fito a allo tana kilomita 128. In an mai da makunnin ɗaya gefen kuwa, sai ta nuna ainihin gudun abu, da mil ko da kilomita.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, rada ce ta gaske a cikin robar. Tana harba igiya mai kaɗawa sau miliyan 10,525 a kowane sakan, daidai da zangon da 'yan sandan Amurka suka daɗe suna aiki da shi. Masu sauraron gajeren zango sun saba da jin mita 25 ko mita 31, to tsawon igiyar wannan bindiga bai kai santimita 3 ba. A wannan zango, kowane kilomita ɗaya a awa yana ƙara wa igiyar da ta komo kaɗawa kusan 19 da rabi a sakan. Ke nan motar da ta doso a kan kilomita 100 za ta ƙara kaɗawa 1,950. Aikin ɗan injin lissafin da ke cikin bindigar bai wuce ya ƙirga wannan ƙari ya raba shi ya rubuta a allo ba.

Ba a daɗe ba yara suka gaji da 'yan motocin ƙarfe, suka fita da bindigar waje, suna auna kekuna da ƙwallo da motocin da ke wucewa ta ƙofar gida. Iyaye ma suka karɓa, musamman waɗanda suka daɗe suna kuka da direbobin unguwa. Ɗalibai da masu sha'awar haɗa na'urori kuwa suka riƙa saye suna farkewa don su ciri radar da ke ciki, domin da wuya a same ta da araha haka a wani wuri. To a nan ne tambayar wannan lacca ta taso: idan maigida ya tsaya a ƙofar gidansa ya ga 80 a allon bindigar ɗansa, me ya samu a hannunsa?

INDA MA'AUNI KE TAUYEWA

Kowa ya san cewa a kasuwa mudu biyu suna iya kama da juna, alhali an buga gindin ɗaya ciki. Rada ma tana da wuraren da take tauye awo ko ta yi ƙari, kuma guda huɗu ne suka fi muhimmanci.

Na farko shi ne kusurwa. Rada ba ta ganin kome sai gudun da abu ke yi yana doso ta ko yana guje mata. Idan mai awo yana tsaye a gefe, ba a kan layin motar ba, lambar za ta ragu gwargwadon karkatar da ya yi. Motar da ke kan kilomita 100, in an auna ta da karkatar digiri 10 za ta nuna 98, a digiri 30 ta nuna 87, a digiri 60 ta nuna 50, idan kuwa ta zo daidai gaban mai awo tana giftawa, sai allo ya nuna kamar tana tsaye. Wannan kuskure direba yake taimaka wa, kuma ya fi tsanani ga bindigar yara, domin ƙarfinta kaɗan ne, ba ta kama mota sai ta matso kusa, lokacin da kusurwa ta riga ta buɗe.

Na biyu shi ne rashin sanin motar da aka auna. Igiyar rada ba ta tafiya siririya kamar harsashi, buɗewa take yi kamar hasken tocila, ta rufe titin gaba ɗaya. Na'urar kuwa takan ɗauki amsar da ta fi ƙarfi ne. Saboda haka tirelar da ke can baya tana iya danne ƙaramar motar da ke gaba, mai awo yana kallon ƙaramar, allo yana ba shi labarin tirela. Wannan ne ya sa daga farkon shekarun 1990 'yan sanda suka fara amfani da bindigar hasken leza, wadda haskenta siriri ne, yana iya ware mota ɗaya daga cikin jeri.

Na uku shi ne katsalandan daga waje. Fankar da ke juyawa a cikin mota, da waɗansu fitilun lantarki, da na'urorin rediyo masu ƙarfi, duk suna iya sa allo ya nuna lamba alhali ba motar da ta wuce.

Na huɗu kuma, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne tabbatar da ma'aunin kansa. Ɗan sandan da aka horar yakan gwada bindigarsa kafin ya fara aiki da bayan ya tashi, da wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu irin wanda masu gyaran kayan kiɗa ke daidaita murya da shi. In an buga ƙarfen yana kaɗawa da adadi sananne, an kuma riƙe shi a bakin bindigar, lalle ne ta nuna wata lamba da aka sani tun da farko. Alal misali, ƙarfen da ke kaɗawa sau 1,950 a sakan dole ya sa bindiga mai zangon da aka ambata ta nuna kilomita 100. In ta nuna wani abu dabam, an san ta baci. Bindigar yara ba ta zuwa da irin wannan ƙarfe, ba ta da takardar shaidar gwaji, ba kuma wanda ke binciken ta bayan ta faɗi ƙasa sau goma ko batirinta ya yi sanyi.

LAMBA A GABAN ALƘALI

Kotunan Amurka sun daɗe da bambance ingancin ilmin rada da ingancin awon da aka yi da ita. A 1955 Kotun Ƙoli ta jihar New Jersey, a shari'ar Dantonio, ta yarda cewa ba sai an kira masani ya bayyana ilmin rada a kowace shari'a ba, muddin an nuna cewa an girka na'urar daidai an kuma gwada ta. A 1979 kuwa, a birnin Mayami na jihar Fulorida, wani gidan talabijin ya nuna radar 'yan sanda tana auna bishiya a kan mil 86 a awa. Da aka kai maganar kotu, alƙali Alfred Nesbitt ya ƙi karɓar shaidar rada a shari'o'in da ke gabansa. Ba ilmin Doppler ne ya faɗi a kotun ba, abin da ya faɗi shi ne na'urorin da ba a tsara musu ƙa'ida ba da ma'aikatan da ba su sami isasshen horo ba. Bayan wannan shari'a aka tsananta ƙa'idojin gwajin na'urori da na horar da masu riƙe su.

Idan radar hukuma ta sha irin wannan tuhuma, to a fili yake cewa lambar bindigar yara ba ta isa a tuhumi kowa da ita ba. Amma wannan bai sa ta zama banza ba. A Ingila akwai wani tsari da mazauna unguwa ke sa kai, 'yan sanda su horar da su, su ba su na'urar da aka amince da ita, su kuma zaɓa musu wurin tsayawa. Masu sa kan sukan rubuta lambar mota da gudunta su miƙa, 'yan sanda su aika wa mai motar takardar gargaɗi. Ba a cin tara da awon nasu, amma idan rahoto ya yawaita a kan wani titi, hukuma takan turo ma'aikatanta da na'urarsu. A nan an ajiye kowane awo a matsayinsa: na jama'a don jawo hankali, na hukuma don hukunci.

ABIN DA KE CIKIN AWON

Wani yana iya tambaya, mene ne na damuwa da bambancin kilomita 10 ko 15? Amsar tana cikin lissafi. Motar da ke kan kilomita 50 tana cin kusan mita 14 a kowane sakan, mai 100 kuwa kusan mita 28, tun kafin ƙafar direba ta kai ga birki. Bugu da ƙari, idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo da nisan da birki ke bukata sukan ninka sau huɗu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Hukumar ta kuma bayyana cewa haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin kilomita 50 da 65. Wannan rata ta kilomita 15 ita ce ido ba ya iya rabewa, kuma a cikinta ne ran yaro mai tsallaka titi yake.

A Nijeriya, inda aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, ƙa'idar hanya ta ba ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Ma'aikacin da takardar koke ta iso teburinsa daga wata unguwa zai ga bambanci tsakanin wadda ta ce "motoci na gudu ƙwarai" da wadda ta ce an auna mota 200 cikin mako guda, daga ƙarfe 7 zuwa 8 na safe, a gaban makaranta, ga kuma abin da aka samu. Ta biyun ita ce ake iya kai wa gaban kwamiti a nemi tudun rage gudu ko alamar tsallakawa. Irin wannan ƙidaya kuwa ba lalle sai da rada ba, mita 100 da agogon wayar hannu sun isa, in dai an maimaita awon da yawa yadda kurakuran yatsa za su cinye juna.

Sai dai akwai gargaɗi biyu. Gajeren zangon bindigar wasa yakan ja yaro ya matsa bakin kwalta, saboda haka bai kamata a bar shi ya yi awo ba sai da babba a kusa. Haka nan kuma, abu ne mai siffar bindiga, nuna shi ga direban da bai san ko mene ne ba yana iya firgita shi ya kauce hanya, ko ya jawo fitinar da ta fi gudun muni.

KAMMALAWA

An ga yadda awon gudu ya taso daga ɗan sanda mai keke a 1896, zuwa agogo a bayan shinge, zuwa radar 1947, har ya iso hannun yara a 2006. A kowane mataki ma'auni ya ƙara sauƙi da araha, amma sharuɗɗan amincewa da shi ba su sake ba: a san inda mai awo ya tsaya, a san abin da ya auna, a san ranar da aka gwada ma'aunin, a kuma san wanda ya horar da shi. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan tambayoyi huɗu zai amfana da su ko a wajen titi, domin su ne ya kamata a yi wa kowace lamba da aka kawo a rahoto ko a jarida. Bindigar roba ta isa ta koya wa yaro ilmin Doppler, ta kuma isa ta ba mazauna unguwa dalilin rubuta koke. Hukunci kuwa sai da mudun da hukuma ta gwada. Direba kuma, wanda malejinsa ke gabansa kullum, ba ya bukatar kowa ya auna shi kafin ya tuna cewa tafiya sannu sannu kwana nesa.

Allah ya kiyaye hanya.